Rolex na kwafi da na asali: ina bambancin yake?

Ɗan Kubwa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana a kan agogo, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina wanda ya sayi Rolex na kwafi bai yi laifi ba, bai kuma yi asara ba. Rolex samfurin Submariner na ƙarfe zalla, sabo, kuɗinsa ya kai dala 10,000 ko kusa da haka. Ku buga da canjin yau ku gani. Kwafinsa mai kyau kuwa, da dala 300 zuwa 500 ka ɗaura. Lokaci ɗaya suke nunawa. A ɗaurin aure ko a ofis babu mai kama hannunka ya ce tsaya in duba. To don me ake yi wa mai kwafi kallon maƙaryaci? Ina son wanda ya san harkar ya nuna mini bambanci na gaske, wanda ya wuce suna.

Alhajin Zone 4: Wa alaikumus salam. Kama da wane ba ta wane, ƙanena. Amma bari masu sana'ar su fara, tawa tana tafe.

Baba Mai Gyaran Agogo: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tambayarka a kan hanya take. Tun ina saurayi nake buɗe bayan agogo, daga kan Seiko 5 da Rado na alhazan da har zuwa waɗannan na yanzu, kuma ba zan ce maka duk jabu ɗaya ba ne.

Akwai wanda yara ke yawo da shi a gosulo da bakin masallaci ranar Juma'a. Wannan ba ya buƙatar gwani. Batir ne a ciki, tsinken sakan yana tsalle ɗai-ɗai, in ka ɗaga shi ba nauyi, rubutun fuska wani harafin ya fi wani kauri. In mai ƙananan da'ira uku ne a fuska irin Daytona, sau da yawa ado ne kawai, ka danna maɓalli ba abin da zai motsa. Ruwan gwal ɗin kuwa gumin bazara ɗaya ya ishe shi, ya bar wa mutum kore a wuyan hannu, wani ma har ƙuraje.

Sai na tsakiya. Shi an sa masa inji otomatik, amma na wani kamfanin: ko Miyota na Japan, ko na Seiko, ko na Sin irin Seagull. Injunan nan ba su da laifi a karan kansu, suna aiki. Sai dai da yawansu bugu 21,600 suke yi a awa, wato taku shida a sakan, shi kuwa Rolex na zamani 28,800 yake yi, taku takwas. Idon da ya saba yana gani. Sannan dubi ɗan kumburin gilashin da ke kan kwanan wata. A na asali yana ƙara girman lambar sau biyu da rabi, ta cika tagar fal. A wannan sai ka ga lambar 'yar ƙarama a tsakiya, fili ya kewaye ta.

Wanda kake magana a kai shi ne na sama, kuma gaskiya ya kai inda ya kai. Nauyi daidai, gilashi mai kyau, ɗan kambin da Rolex ke zanawa a jikin gilashi wajen ƙarfe shida yana nan, sunan da aka zagaya da shi a bangon ciki yana nan, har injin sun kwaikwayi siffarsa. A hannun mutum ni kaina ba zan rantse ba. Amma kawo shi kan teburina. In na kwance murfin baya na sa madubi a ido, sai in ga bakin sukurori da kaushi, in ga ɓurɓushin ƙarfe da ba a wanke ba, wani lokaci har zaren tsumma. Wani wurin ya bushe ƙamas babu mai, wani wurin mai ya yi yawa ya malale. In na ɗora shi a kan na'urar da ke sauraren bugu, a kwance ya yi kyau, da na juya shi a tsaye sai lissafi ya watse. Rolex tun 2015 alkawarinsu shi ne kada agogo ya wuce sakan biyu gaba ko baya a yini, da garanti na shekara biyar. Mai kwafi alkawarin me ya yi maka?

Ga kuma abin da ya fi kawo mini su: alwala. Mu mutane ne da hannunmu ke shiga ruwa sau biyar a rana. An rubuta mita 300 a fuskar kwafin kamar yadda aka rubuta a na asali, amma robar da ke cikinsa ba a gwada ta ba. Sai mutum ya wayi gari ya ga raɓa ta kwanta a cikin gilashi. Kafin ya kawo mini tsatsa ta riga ta kama, kuma kayan gyaran irin wannan injin ba a samunsu da sauƙi.

Ɗan Kubwa: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ai ka ƙarfafa maganata. Ka ce sai an kwance murfi an sa madubi. Wa zai kwance mini murfi a wurin biki? Ruwa kuma sai in cire in yi alwala in mayar. Maganar sakan biyu, Casio na batir ma ya fi Rolex riƙe lokaci.

Injiniya daga Jabi: Wannan na ƙarshe gaskiya ka faɗa, kuma a nan ne hujjarka ta karye. Agogon batir yana da ɗan dutse a ciki da ke karkarwa sau 32,768 a sakan, shi ya sa kuskurensa a wata guda bai wuce 'yan sakanni ba. Tun da Seiko ya fitar da Astron a ƙarshen 1969 aka gama maganar wa ya fi riƙe lokaci, har masana'antun Suwizalan da yawa suka durƙushe a shekarun da suka biyo baya. Casio F-91W da aka fara yi a 1989, wanda 'yan makaranta ke ɗaurawa, ya fi kusan kowane agogo mai inji daidaito. Wayar da ke aljihunka ta fi su duka.

Don haka in lokaci kake so, ga Casio nan. Ba ka ce a ba ka shi ba. Ka ce a ba ka wanda aka rubuta Rolex a fuskarsa, har za ka biya dala 500. Ashe sunan kake saye, kamar yadda mai na asali yake sayensa. Bambancin ku shi ne, shi abin da hannunsa ke faɗa wa mutane haka yake, kai kuwa ba haka yake ba. Ba zagi nake ba ɗan'uwa, a zauna a duba.

Fataken Guangzhou: Jama'a a yi adalci. Ni wannan kaya ina kawo shi, kuma ban taɓa ce wa kowa na asali ne ba. Mai saye ya sani, ni na sani, an yi ciniki an rabu lafiya. Duk wanda ya je Guangzhou ya san kasuwar agogo da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, benaye ne cike, kuma ba mu kaɗai ke zuwa ba, Larabawa da Turawa duk suna nan. Kuma kada ku ɗauka talaka ne kaɗai ke saye. Ina da masu saye a Maitama da Asokoro waɗanda na asalin yana ajiye a gida, suna ɗaura kwafin saboda tsaro, musamman in za su Landan inda ake fizgen agogo a titi.

Sannan wa ke cikinmu da bai taɓa sa shadda mai tambarin Getzner wadda ba ta taɓa ganin Ostiriya ba? Mun saya mun ɗinka mun je Idi, ba wanda ya kira mu maƙaryata. Me ya sa sai a agogo?

Hajiyar Gwarinpa: Alhaji, shadda kam in ta sha wanki ta koɗe an gama da ita. Ba wanda zai kai tsohuwar shadda jingina, ba wanda zai sa ta a lissafin dukiya. Ka amsa mini wannan tsakaninka da Allah: kwalin nan kore, da katin garanti, da 'yar takardar da ke rataye, har da rasit, su ma kana kawowa?

Fataken Guangzhou: Ana sayar da su daban, Hajiya. Wanda ya ce yana so ina haɗa masa.

Hajiyar Gwarinpa: To mai ɗaurawa don kansa, me zai yi da katin garanti na ƙarya? Kati ai ba a ɗaura shi a hannu.

Alhajin Zone 4: Hajiya ta taɓo inda nake jira. Ɗan Kubwa, kai kana lissafi a kan hannunka kaɗai. Matsalar jabu ita ce ba ya tsayawa a hannun wanda ya san jabu ne. Na farko ya sani. Na biyu an ba shi kyauta, yana jin nauyin tambaya. Na uku kuwa ya ɗauka dukiya ce.

A harkarmu ta canji ba a daɗewa ba a ga wanda ya zo da agogo yana neman rance a kansa ba, ga kwali ga kati. Wannan mun saba, mun san yadda muke yi. Wanda ya tsaya mini a rai daban ne. Wani abokina ya rasu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, ɗan kwangila. A cikin kayansa akwai Rolex samfurin Day-Date na gwal a kwalinsa. Da aka zo rabon gado sai aka duba farashinsa a intanet, aka yi masa kuɗi, aka sa shi a kason babban ɗansa a madadin wani fili, yaron ma shi ya nuna yana so saboda ya saba ganinsa a hannun mahaifinsa. Bayan an kwana biyu kuɗin makaranta ya taso, ya zo wurina in raka shi ya sayar. Muka je wurin masu gwal a kasuwar Wuse. Mutumin ya karɓa ya jinjina shi a tafin hannu, bai ce komai ba. Ya ɗora a sikeli. Sai ya buɗe maɗaurin, ya nemi izini, ya ɗan kankare wani lungu ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Fari ya fito. Yaron ya karɓa ya kalli wurin, ya sa babban yatsa yana gogewa ko zai koma, sannan ya tambayi mutumin ko dai gwal ɗin a can ciki yake.

Har yau ba wanda ya san ko marigayin ya sani, ko shi ma sayar masa aka yi, ko kyauta ce. Ba ya nan balle a tambaye shi. Filin kuma wanda ya samu ya riga ya sayar. Sai da aka tara dattawa aka sake zama, kuma zumuncin gidan nan bai koma yadda yake ba, don ɗaki biyu ne, kowa da abin da yake zargi. Agogo ɗaya fa.

Baba Mai Gyaran Agogo: Allah ya jiƙansa. Alhaji, Day-Date tun da aka fara shi a 1956 Rolex ba ya yinsa sai da gwal mai karat 18 ko filatinam. Gwal irin wannan ya kusa ninka ƙarfe nauyi, shi ya sa mai gwal ya gane tun a tafin hannu. Amma kada a riƙe nauyi a matsayin hujja a ko'ina. Richard Mille da 'yan ƙwallo da mawaƙa ke ɗaurawa, na asalinsa da yawa ba su da nauyi ko kaɗan saboda irin kayan da ake yinsu da shi, kuma da wuya a samu sabo ƙasa da dala 100,000. Wanda duk ka gani a tiren masu talla, ka san amsa.

Malam na Lugbe: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa, ya daidaita tsakanin iyalinsa. Da izinin manya zan sa baki, don maganar ta shigo hurumin haƙƙi.

Sayar da jabu a matsayin na asali babu saɓani a kansa, algus ne. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa. Ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ɗan'uwanmu na Guangzhou ya ce yana bayyanawa, wannan ya kuɓutar da shi daga yaudarar wanda ke gabansa, Allah ya saka masa a kan wannan. Amma katin garanti da rasit na ƙarya ba su da wani amfani a duniya sai yaudarar wani a gaba. Ina roƙonka don Allah ka daina haɗa su, ko da ba ka daina sauran ba. Sannan tambarin kamfani haƙƙi ne na masu shi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar da haka a zamanta na Kuwait a 1988, cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, kuma ba a ce sai in mai shi Musulmi ne ba.

Shi kuma mai ɗaurawa, hukuncinsa yana bin niyyarsa. Akwai hadisin Asma'u 'yar Abubakar a Bukhari da Muslim, wata mata ta tambaya ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Aka amsa mata cewa mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufa biyu na ƙarya ne. Kowa ya auna zuciyarsa da wannan.

Kada kuma masu na asali su ɗauka sun fita. Gwal haramun ne ga namiji, ko a zobe ko a agogo, ko Rolex ne ya ƙera shi. Wanda Allah ya hore wa ya sayi na ƙarfe mai tsada da halalinsa, ya fitar da zakkarsa, ya sauke nauyin iyalinsa, ban ce ya yi laifi ba, Allah mai kyau ne yana son kyau. Amma wanda ke ɗaure da miliyoyi a hannu alhali ma'aikatansa na bin sa albashi, na asalin bai wanke shi ba.

Ɗan Kubwa: Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na girmama. Labarin Alhaji ya taɓa ni ƙwarai. Amma bari in faɗi abin da ke cikin ran matasa da yawa a garin nan, don ba a faɗa ba. Abuja gari ne da ake auna mutum tun daga bakin ƙofa. Ka je ofis neman aiki ko kwangila, mai gadi zai dubi motarka, sakatare zai dubi takalminka da hannunka kafin ya yanke ko za ka ga oga yau ko ka dawo gobe. Ba mu muka kafa wannan ba, tarar da shi muka yi. Yaron da ya ɗaura kwafi ba don ya cuci wani ba ne, so yake a saurare shi minti biyar. In laifi ne, a raba shi da masu kallon hannu kafin su kalli takarda.

Injiniya daga Jabi: Wannan ciwon gaskiya ne, ba na musunsa, ni ma na zauna a waɗannan kujerun jira. Amma ka lura da wanda kake son burgewa. Sakataren bai san Rolex daga Rado ba, kowane agogo mai tsafta ya ishe shi. Ogan da ke ciki kuwa, in har ya san agogo, to yana da na asali, kuma ba sai ya kwance murfi ba. Zai dubi Nautilus na Patek Philippe a hannunka, agogon da masu kuɗin ma ke shan wahala kafin su samu, ya dubi abin da ka zo nema, ya yi lissafi a zuci. Daga nan duk lambar da ka rubuta a takardarka zai sake dubanta. Ga kuma 'yan wancans, masu fashi a motar haya, da ke tsakanin Berger da Nyanya, su ba sa tambaya ko kwafi ne.

Barista: In ƙara ɓangaren doka a taƙaice. A Najeriya sayar da kaya mai tambarin ƙarya laifi ne a ƙarƙashin dokar tambarin kaya, kuma kwastan na iya kama su a shigowa. Wanda aka sayar wa jabu da sunan na asali yana iya kai ƙarar zamba, yana kuma iya kai koke hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC da ke nan Abuja. Inda ake shan kaye shi ne hujja. Mutum ya tura miliyoyi ga wani da ya gani a Instagram, babu rasit, ko kuma rasit ɗin "agogo guda ɗaya" kawai aka rubuta. Ka sa mai sayarwa ya rubuta sunan kamfani, da samfurin, da lambar da ke jikin agogon, ya rubuta cewa na asali ne, ya sa hannu. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa.

Masu tafiya kuma su kula. A Suwizalan tun 2008 kwastan na da ikon ƙwace jabu ko guda ɗaya ne na amfanin kanka. A Faransa da Italiya har tara ake ci wa wanda ya saya. Don haka dabarar ɗaura kwafi saboda tsaro a Turai tana da nata haɗarin.

Fataken Guangzhou: Malam, maganar kati na karɓa, zan duba ta. Amma ina da tambaya ga masu cewa na asali dukiya ce. Duk na asali ne ke riƙe kuɗinsa? Na ga waɗanda suka sayi agogon Suwizalan da tsada, da suka zo sayarwa ko rabi ba a taya ba.

Alhajin Zone 4: Ba duka ba, ka yi gaskiya. Mafi yawan agoguna masu tsada suna faɗuwa da zarar an fita da su daga shago. Waɗanda ke riƙewa kaɗan ne: wasu Rolex na ƙarfe, wasu Patek, Royal Oak na Audemars Piguet. Su ma farashinsu na hannu ya hau sosai har farkon 2022, sannan ya sauko, waɗanda suka saya a sama suka ji jiki. Ana jin labarin Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman da aka sayar dala miliyan 17.8 a 2017 sai a ɗauka kowane haka yake. Ni ba na ba kowa shawarar ya zuba jarinsa a agogo. Abin da na sani dai, na asali ko ya faɗi yana da kuɗi, a Abuja ko Dubai ko Makka za a taya. Kwafi ranar da ka biya kuɗinsa ya ƙare, sai dai in za ka yi wa wani ƙarya.

Hajiyar Gwarinpa: To Baba, ni ga tawa matsalar. Muna haɗa lefen ƙanena, kuma kun san yanzu akwatin agogo da sarƙa ana buɗe shi gaban dangin amarya, har a ɗauki hoto. Matan gidanmu sun dage a sa Cartier da Rolex na kwafi, wai haka kowa ke yi. Ni raina bai kwanta ba, don yarinyar za ta ɗauka da gaske ne, kuma ranar da ta gane ba za ta tsaya a agogo ba, har gwal ɗin sai ta yi shakka. Da kuɗin kwafi biyu, me zan samu na asali wanda ba za a raina ba?

Baba Mai Gyaran Agogo: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Da wannan kuɗin za ki samu Seiko ko Citizen ko Orient na mata, na asali, mai kyan gani. In kin ƙara kaɗan ki samu Tissot, shi ma ɗan Suwizalan ne. Citizen suna da wanda haske ke cajinsa, Eco-Drive, ba ruwanta da canjin batir shekara da shekaru. Waɗannan in sun lalace ina da abin da zan gyara su da shi.

Sai dai ki sani su ma ana yin jabunsu. Jabun Casio da Seiko 5 da Rado da ke zuwa teburina ya fi na Rolex yawa, don su mutane ba sa zargi. Ki saya a wurin da za su rubuta miki rasit irin wanda Barista ya faɗa, ki duba lambar da ke murfin baya ta yi daidai da ta kati, kuma in farashin ya yi ƙasa da na ko'ina nesa ba kusa ba, ki bar shi.

Wanda kuma ke son Rolex ɗin da gaske, sabo dai wurin dillali mai izini, a Najeriya Polo ne, suna Legas suna kuma Transcorp Hilton. Na hannu kuwa, sharaɗi kafin kuɗi: a je tare wurin mai gyaran da kai ka zaɓa, a buɗe a gabanku. Kwali da kati ba hujja ba ne, kun ji daga bakin mai kawo su. A duba har maɗauri da fuska da tsinke, domin akwai wanda ake haɗawa, gida na asali inji na jabu, ko inji na asali fuska ta jabu, kuma shi ya fi wuyar kamawa. Kamfanin Omega da kansa ya sayi wani tsohon Speedmaster a gwanjo a 2021 kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, sai a 2023 ya fito ya ce haɗe-haɗe ne.

Hajiyar Gwarinpa: Na gode Baba. Mai hasken nan ya kwanta mini. In ya daɗe a cikin akwati kafin biki ba zai mutu ba?

Baba Mai Gyaran Agogo: In ya cika caji yana ɗaukar watanni a duhu, Hajiya. In ma ya tsaya, a ajiye shi kusa da taga ya sha haske zai tashi. Kada dai a bar shi a gaban mota cikin rana, zafin yana lalata shi. Kafin a kai lefen ki aiko a rage maɗaurin daidai hannunta, a ajiye 'ya'yan da aka cire a cikin kwalin, za a neme su wata rana.